Eriya mai neman sigina da katin da ba a zurawa: wa ke da haƙƙin mallakarsu?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai gyaran waya da ɗaura farabol a Kusiri. Ya ce ya haɗa wata na'ura da ƙaramin moto wadda ke juya eriya a kan rufin ɗaki har sai ta sami inda sigina ya fi ƙarfi, domin mutanen ƙauyukan da ke nesa da turken sadarwa. Kuma masu kula da wani famfon burtsatse sun roƙe shi ya yi musu tsarin biyan kuɗin ruwa da kati irin wanda ake kusantarwa kawai ba a zurawa. Sai wani ya tsorata shi da cewa duk waɗannan fasahohi Turawa sun yi musu rajista, wanda ya taɓa su zai sha ƙara. Yana son ya san ko gaskiya ne, kuma ko shi ma zai iya yi wa tasa na'urar rajista.

Ƙanena, na yi shekaru ina hawa turakun sadarwa tsakanin Garwa da Marwa kafin in koma aikin tebur, kuma tambayarka ta faranta mini rai, domin mai tambaya irin wannan ya riga ya wuce matakin sauya allon waya. Wanda ya tsorata ka ya faɗi rabin gaskiya. An yi wa waɗannan fasahohi rajista, dubban rajistoci ma kuwa, amma tushen da kake buƙata ya daɗe da fita daga hannun masu shi, kuma takardun rajistar da kake jin tsoro su ne littafin karatu mafi arha da za ka samu a wannan fanni.

Sai mu fara da fahimtar abin da takardar take, wadda a nan muka fi sani da sunanta na Faransanci, brevet. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana yadda abinsa ke aiki dalla-dalla, har da zane, ta yadda duk masanin fannin zai iya maimaita shi, hukuma kuma ta ba shi ikon hana wasu ƙerawa ko sayarwa na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda. Idan wa'adin ya cika, ko ya daina biyan kuɗin shekara-shekara, ikon ya faɗi, bayanin kuwa yana nan ga kowa. Abu na biyu da mutane ke mantawa shi ne ikon yana da iyakar ƙasa. Takardar da aka bayar a Amurka ko Japan ba ta da ƙarfi a Kusiri ko a Njamena sai in mai ita ya nemi kariya a ofishin da ke kula da ƙasashenmu, wato OAPI, ofishin rajistar mallakar fasaha na wasu ƙasashen Afirka, wanda hedikwatarsa ke Yawunde, aka kafa shi da yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma yake da ƙasashe 17, ciki har da Kamaru da Chadi. Takarda ɗaya daga Yawunde tana aiki a dukkansu. Najeriya ba ta ciki, tana da nata ofishin, kuma wannan ya shafe ka idan wata rana ka yi niyyar kai kayanka Maiduguri ko Kano.

Yanzu ga eriya. Hanyar juya ta iri biyu ce, kuma kai ka san ta farko da hannunka. Taurarin da muke kamawa da farabol suna nisan kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, suna kewayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa suke zama kamar an kafe su. Daga wajenku Nilesat, da ke digiri 7 yamma, yana kudu maso yamma, Badr na Arabsat kuma, da ke digiri 26 gabas, yana kudu maso gabas. Faranti mai faɗin santimita 90 ba ya gani sai ta wata 'yar kafa da ba ta wuce digiri biyu ba, shi ya sa ɗan motsi kaɗan ke ɗauke hoto, kuma shi ya sa aka ƙera moto mai bin umarnin DiSEqC na kamfanin Eutelsat domin faranti ɗaya ya yi ta zarya tsakanin taurari. Na'urarka 'yar wannan gida ce: ƙarfe ne ke motsi.

Hanya ta biyu ita ce ta fi ban sha'awa, domin a cikinta babu abin da ke motsi. Ka tuna sahun manoma a gayya. Idan duk suka ɗaga ƙafa lokaci ɗaya, sahun zai tafi gaba sak. Amma idan na gefen dama ya fara, na kusa da shi ya ɗan jinkirta, na gaba da shi ya ƙara jinkirtawa, haka har ƙarshen layi, za ka ga sahun ya karkace ya fuskanci hagu, alhali babu wanda ya ce da kowa ya juya. Haka ake yi da eriyoyi. Ana jera ƙanana da yawa, tazarar da ke tsakaninsu kamar rabin tsawon zangon igiyar rediyon da suke aikawa, a ba kowacce sigina iri ɗaya amma da ɗan jinkirin da aka lissafa. A wata fuska igiyoyin sai su haɗu su ƙarfafa juna, a wata kuma su kashe juna. Ka canza jinkirin, fuskar ta canza cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Bajamushen nan Karl Ferdinand Braun, wanda ya raba kyautar Nobel da Marconi a 1909, ya nuna wannan tun 1905 da eriya uku kacal. A 1961 Jesse Butler da Ralph Lowe suka fito da wani tsarin wayoyi da ke ba jeri ɗaya fuskoki da dama, wanda har yau ake kira da sunan Butler. Paul Howells na kamfanin General Electric ya sami takarda a 1965 a kan dabarar da ke sa eriya ta toshe kunnenta ga fuskar da hayaniya ke fitowa. A 1994 kuma Arogyaswami Paulraj da Thomas Kailath na Jami'ar Stanford suka sami tasu a kan aika bayanai daban-daban ta eriyoyi da yawa a kan mita ɗaya, abin da ya zama ginshiƙin dabarar da ake kira MIMO, wadda ke cikin Wi-Fi da 4G da 5G. Ka lissafa da kanka: mafi ƙuruciya a cikin waɗannan takardu ma ta cika wa'adinta shekaru da suka wuce.

Wannan dabara tana kanka kullum ko ba ka lura ba. Dogayen fararen akwatunan da ke saman turke jeri ne na ƙananan eriyoyi daga sama zuwa ƙasa, kuma da jinkirin nan ake sunkuyar da siginarsu ƙasa ba tare da an karkata akwatin ba. A da sai mun hau da sifana a cikin zafin Afrilu mu kwance kusoshi, yanzu injiniya na zaune a ofis yake sunkuyar da ita. Na taɓa kwana uku ina neman dalilin da ya sa wani ƙauye da ke ganin turke da ido ba ya samun sabis, alhali wani da ya fi shi nisa yana samu, sai daga baya na gano an saita sunkuyon ne yadda siginar ke wucewa ta saman kawunansu. Digiri kaɗan ne suka raba mutanen nan da kiran 'yan'uwansu. Farantin Starlink kuwa, da yake taurarinsa suna ƙasa-ƙasa wajen kilomita 550 kuma kowanne yana ratsa sama cikin 'yan mintoci, yana ɗauke da ƙananan eriyoyi fiye da dubu da ke bin tauraro suna tsallakawa zuwa na gaba. A irin waɗannan wurare ne takardu masu rai suke da yawa a yau: yadda ake ƙera jerin da arha, yadda ake lissafin jinkirin, yadda waya da turke ke sanar da juna fuskar da ta fi kyau. Ba fagen da kake ciki ba ne, kuma ba za ka yi karo da su da moto da eriyar Yagi ba.

Tun da na ambaci Yagi, akwai darasi a cikin sunan. Eriyar nan mai kama da ƙashin kifi da muke ɗaurawa a kan gora an ƙirƙiro ta a Jami'ar Tohoku da ke Japan a 1926. Shintaro Uda ne ya yi mafi yawan gwaje-gwajen, amma Hidetsugu Yagi, wanda yake gaba da shi, shi ya yi rajista da sunansa kuma shi ya bayyana ta da Turanci, sai duniya ta riƙe sunan Yagi. Idan akwai wani yaron shago ko aboki da ya sa hannu a ƙirar na'urarka, ku rubuta rabon kowa tun yanzu da babu kuɗi a tsakani.

Katin kuma, abin da zai ba ka mamaki shi ne shi ma maganar eriya ce, sai dai manufar ta sha bamban. Eriyar turke tana so ta kai nesa, ta kati kuwa da gangan aka yi ta don kada ta wuce tafin hannu. Idan ka haska tocila mai ƙarfi ta bayan farin kati za ka ga siririyar waya ta kewaye gefensa 'yan zagaye, ta ƙare a wata ƙwaƙwalwa ƙarama da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Babu batir. Na'urar karantawa tana da nata naɗin waya da ke kaɗa maganaɗisu a kan megahaz 13.56. Wanda ya saba kama rediyo a gajeren zango zai gane cewa wannan wajen mita 22 ne, kuma naɗin da bai fi tafin hannu ba ya yi ƙanƙanta ƙwarai da ya watsa irin wannan doguwar igiya. Don haka abin da ke faruwa ya fi kama da taransifoma: naɗi biyu kusa da juna, ɗaya yana ɗura wa ɗaya wuta ta iska. Ƙarfin maganaɗisun yana zubewa da sauri sosai da zarar an ja baya, shi ya sa ISO/IEC 14443, ƙa'idar duniya ta irin waɗannan katuna, ta tsaya a wajen santimita 10, a aikace ma ƙasa da haka.

To ta yaya katin da ba shi da wutar kansa ke mayar da amsa? Ka san yadda muryar janareto ke canzawa idan mai walda ya ɗora sandarsa a kan ƙarfe, har fitilu su ɗan dushe. Wanda ke tsaye kusa da janareton zai iya ƙirga sau nawa aka ɗora ba tare da ya ga mai waldar ba. Katin haka yake yi: yana ƙara nauyin wutar da yake ja yana ragewa, sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa, na'urar kuma tana jin wannan nauyi a nata naɗin tana fassara shi zuwa lambobi, aƙalla bit 106,000 a daƙiƙa. Daga nan za ka fahimci matsalolin da za su zo maka a bakin famfo kafin su zo. Idan ka ɗaura na'urar kai tsaye a jikin akwatin ƙarfe, ƙarfen zai shanye maganaɗisun, nisan karatu ya ragu ko ya ɓace. Idan mata suka huda katin a gefe don su rataya shi da zare, sun tsinke wayar, katin ya mutu, don haka gara ka sayi irin mai kama da maƙalin makulli wanda ya zo da hujinsa.

Tarihin mallakarsa ma a fili yake. Jamusawa biyu, Helmut Gröttrup da Jürgen Dethloff, sun shigar da takarda a ƙarshen shekarun 1960 a kan sa ƙwaƙwalwa a cikin katin roba. Roland Moreno, Bafaranshe haifaffen Alƙahira, ya shigar da tasa a 1974, kuma tunaninsa na farko ma zobe ne ba kati ba. Michel Ugon na kamfanin Bull ya ƙara masa ƙwaƙwalwa mai lissafi a 1977, wadda ita ce kakar layin wayar da kake sa wa mutane kullum. A ɓangaren da ba a taɓawa, Mario Cardullo ya sami takarda a Amurka a 1973, Charles Walton kuma a 1983. Kamfanin Mikron na Ostiriya ya fito da katin MIFARE a 1994, Philips ya sayi kamfanin, daga baya sashen ya zama NXP. Sony ya fito da FeliCa, wanda Hong Kong ta fara amfani da shi a katin sufuri na Octopus a 1997. Philips da Sony ɗin ne suka haɗu suka haifar da NFC, fasahar kusantarwa da ke cikin wayoyin hannu, aka kafa ƙungiyarsa a 2004. Fasfo ɗinka mai ƙwaƙwalwa da katin banki mai alamar igiyoyi duk a kan mita ɗaya suke magana.

Saboda haka, idan ka sayi kati da na'urar karantawa na asali daga dillali ka haɗa su da ƙaramin allon sarrafa na'ura irin Arduino ka rubuta naka shirin, ba ka ƙera ƙwaƙwalwar kowa ba, saye ka yi, kuma hakkin mai ita yana cikin kuɗin da ka biya. Abin da ba ya tsufa shi ne sunan kasuwanci, domin shi ana sabunta rajistarsa har abada. Kada ka buga sunan MIFARE ko alamar Visa a kan katin da ba nasu ba.

Abin da ya fi damuna a aikin famfon nan ba kotu ba ce, ɓarayi ne, kuma a nan zan ɗan daɗe. Katin da ya fi cika kasuwa, wanda ake sayarwa tare da ɗan allon karanta kati na RC522, shi ne MIFARE Classic. An kulle shi da wani sirri mai suna Crypto-1, mai makullin bit 48, wanda kamfanin ya ɓoye yadda yake aiki maimakon ya bayyana shi masana su gwada ƙarfinsa. A ƙarshen 2007 Karsten Nohl da Henryk Plötz suka nuna a Balin cewa sun kankare ƙwaƙwalwar sun karanta tsarinta da madubin ƙara girma. A 2008 masu bincike na Jami'ar Radboud da ke Holan suka fasa shi gaba ɗaya, kamfanin ya je kotu don a hana su wallafawa, kotu ta ƙi. Ka lura da wannan da kyau: ɓangaren da aka bayyana a takardu da ƙa'idoji, wato maganaɗisu da yadda ake magana, yana nan yana aiki lafiya, ɓangaren da aka ɓoye shi ne ya rushe. Yau da wayar hannu da kati marar rubutu ana iya kwafe irin wannan kati cikin ɗan lokaci. Mafi muni, yawancin masu koyo ba sa ma amfani da makullin, lambar katin kawai suke karantawa, alhali ana sayar da katunan da ake canza musu lamba yadda aka so. Na ga wata makaranta da aka yi wa irin wannan tsari a ƙofa, ba a rufa zango biyu ba yara suka fara shigar wa juna. A ƙofar aji abin kunya ne kawai, a bakin famfo kuwa kuɗin gyaran injin al'umma ne zai zube, kuma sunanka ne zai ɓaci a gari. Ka nemi kati mai kulle na AES, wato sirrin da aka bayyana masana suka gwada ƙarfinsa, irin DESFire, ka ba kowane kati makullinsa daban, ka kuma sa na'urar ta riƙa ajiye lissafin kowane ɗiba a cikinta don a gwada shi da abin da ke kan katunan. Katin banki ya fi wuyar kwafa ne domin kowane ciniki yana ƙirƙirar sabuwar lambar shaida da ba ta amfani sau biyu.

Sai batun taka rajistar. Ana neman sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo a duk duniya ba a Kusiri kaɗai ba, ya zama ba abin da kowane masanin fannin zai hango nan take ba ne, kuma ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. In faɗa maka gaskiya, “moto mai juya eriya har ta sami sigina” ba zai wuce sharaɗi na farko ba, domin an daɗe ana yin sa a tashoshin tauraro da jiragen ruwa. Amma takarda ba ta kare babban tunani, tana kare abin da aka zayyana a sashen ƙarshe mai lambobi, wanda ake kira revendications, kuma shi ne kamar iyakar gona: abin da ke cikin shinge na mai gona ne, abin da ke waje ba nasa ba. Idan za ka karanta takardar wani, ka fara daga wannan sashe. Ka shiga shafukan binciken takardun a intanet, Espacenet ko Patentscope ko Google Patents, duk kyauta ne, kuma da yawa akwai su da Faransanci, ka ga abin da aka riga aka yi. Wanda ya zauna a Turai bai san yadda ƙurar hunturu ke cika haƙoran giyar moto ba, bai san iskar farkon damina da ke tuge gora ba, bai san roba na narkewa a kan kwano idan zafi ya haura digiri 40 ba. Idan ka gano wata dabara ta hana ƙura shiga, ko ta kulle eriya da kanta idan iska ta taso, ko ta neman sigina da wutar da ƙaramin faifan sola zai iya ɗauka, nan ne sabon abu zai iya kasancewa. OAPI tana da wata ƙaramar takarda, modèle d'utilité, mai wa'adin shekara 10, wadda aka yi domin irin waɗannan gyare-gyare na kayan aiki, kuma a ganina ita ta fi dacewa da kai.

Kafin ka shigar da takarda kada ka sa bidiyon cikin na'urar a Facebook ko TikTok, kada kuma ka fara sayar da ita, domin abin da ka bayyana da kanka yana iya kashe sabuntarsa. Ka riƙe littafi ka riƙa zana kowane gwaji da kwanan wata. Kowace ƙasa ta OAPI tana da ofishin haɗin gwiwa a ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da masana'antu ko ciniki, a can za a ba ka jadawalin kuɗi da sunayen wakilan da aka amince su rubuta iyakokin, kuma rubuta su sana'a ce da bai kamata ka yi ita kai kaɗai ba. Daga ranar da ka shigar kana da wata 12, bisa yarjejeniyar Faris ta 1883, ka nemi kariya a wata ƙasa da ranar farkon, wanda ke nufin idan kasuwarka ta haƙiƙa tana Borno ne, agogon Abuja ya fara tafiya tun daga ranar. Ka kuma yi lissafin kuɗin shekara-shekara da idon basira, domin takarda ba ta kawo ko sefa ɗaya da kanta sai akwai mai saye ko mai neman lasisi.

Akwai wata hukuma da ta fi masu brevet kusa da kai. Muddin na'urarka tana juya eriya ce kawai da aka haɗa da modem ta kebul, juyawa ce kurum. Ranar da ka ƙara mata abin ƙara ƙarfi mai maimaita siginar kamfani cikin iska, ka shiga hurumin hukumar kula da sadarwa, wato ART a Kamaru, ko ARCEP idan ka tsallaka gadar Ngeli zuwa Chadi, kuma irin waɗannan na'urori marasa saiti suna iya kurmantar da turke gaba ɗaya ga unguwa, na sha bin sawunsu gida-gida. A Kusiri ma akwai wani abu na musamman: turakun Njamena suna tsallaken kogi kawai, kuma na'urar da aka ce ta bi sigina mafi ƙarfi za ta iya juyawa ta fuskanci Chadi ta bar turken da layin mai gida yake. Ka koya mata ta tambayi modem lambar ƙasar da turken yake shelantawa, 624 ta Kamaru, 622 ta Chadi, ta kuma auna tsabtar siginar ba ƙarfinta kaɗai ba, sannan ta tsayar da moton.